Ranar da Rayyis Hajjaj Ya Taka Ƙasa a Idfu

Kafin masu girki su kunna wuta, Rayyis Hajjaj, wato babban matuƙinmu, ya riga ya zaga jirgin. Yana idar da sallar asuba yake fitowa da jallabiyarsa mai ruwan toka, rawani a karkace, ya bi igiyoyi ɗaya bayan ɗaya yana zungurarsu da ƙafa kamar mai tashin 'ya'yansa daga barci. Sannan ya leƙa ya ga inda ruwa ya kwana a jikin dutsen gaɓa, ko ya ƙaru ko ya ja baya. Daga nan ya hau ɗakin tuƙi a kawo masa baƙin shayi a ɗan kofin gilashi. Ba ya taɓa shanye shi. Ya kurɓa ya ajiye, ya miƙe ya leƙa taga, ya dawo ya yi faɗa wai an kawo masa shayi mai sanyi. Sauran matuƙa a kogin Nilu kan benci suke zama, ƙafa a naɗe, kamar an dasa su. Nasa bencin har yau sabo ne, bai san nauyin mai shi ba.

Ni ne mai yi wa baƙi jagora a jirgin Nawwara. Aikina in ɗaga jar lema, Turawa da 'yan Sin su biyo ni kamar 'yan tsaki, in kai su gidajen bautar mutanen Fir'auna, daga Luksor har Aswan, in zuba musu sunayen sarakuna har su fara neman inuwa. Kowa Ustaz Mamduh yake ce mini, ban da Rayyis. Shi aku mai lema yake kirana. Na taɓa yi masa ƙorafi, ya ce in yi haƙuri, ai aku ma yakan yi shiru idan an rufe keji.

A daren ƙarshe na kowace tafiya baƙi kan tafa mini. Su tafa wa mai girki, su tafa wa wanda ke naɗe musu tawul ya mai da shi kada a kan gado. Ban taɓa jin an tambayi wanda ya kawo su ba. Wata dattijuwa ma ta taɓa tambayata ko jirgin da kansa yake bin hanya. Wannan rubutu na wanda ke sama a ɗakin tuƙi ne, wanda ya sauka daga aiki a bana bayan shekaru arba'in da ɗoriya a kan ruwa.

Abin da zai ba ku dariya, ko ya hana ku, shi ne duk tsawon shekarun nan Rayyis Hajjaj bai taɓa shiga ko ɗaya daga gidajen bautar nan ba. Ba tsoron gumaka ba ne. Ga yadda ake ɗaure jirage a nan: gaɓa ta yi kaɗan, sai a jera su kafaɗa da kafaɗa, huɗu ko biyar, baƙo ya ratsa ta cikin jiragen wasu kafin ya taka ƙasa. Da zarar na ciki ya so tafiya, dole duk na waje su kwance, su ja tsakiyar kogi su tsaya suna kokawa da ruwa, ya fita, su dawo su sake ɗaurewa. Ba wanda ya san lokacin da hakan zai taso. To lokacin da muke can muna kallon duwatsu, shi yana nan yana jiran jiniyar maƙwabci. Idan aka ajiye jirgi aka ba shi hutu, ƙauyensu yake wucewa wajen matarsa Hajja Nafisa da rakensa. Kullum na ce ya zo in nuna masa, sai ya ce duwatsun da suka jira shekara dubu ba za su gudu kafin Juma'a ba.

Masunta ne suka fi kowa sanin darajarsa. Babban jirgi idan ya wuce da gudu, igiyar ruwan da yake bari tana iya kife ƙaramin kwalekwale da mutum biyu da abincin gidansu. Rayyis na hango su yake rage gudu, ko da kuwa jiragen baya za su wuce shi su riga shi layi a ƙofar ruwa ta Isna, wadda jirage ke bi su ratsa madatsa, inda jinkiri kaɗan kan sa a yini ana jira. Manaja ya yi ta kumfar baki, shi yana kallon ruwa. Yana da wata al'ada kuma da ba a koyar da ita a ko'ina: kafin ya ja da baya, bayan jiniyar da doka ta ce, sai ya ƙara wata 'yar gajeriya, tut, don masuntan da kan laɓe a gindin jirage suna jefa koma. Mataimakinsa Jirjis, wanda muke kira Abu Mina, ya sha yi masa tsiya a kan wannan. Cewa yake yi Rayyis na yi wa kifi sallama.

Kai ne, Rayyis, wanda wata shekara da sanyi, ruwa ya ja baya, ka juya jirgi cike da baƙi ka je ka jawo jirgin mutumin da kuka yi shekaru ba ku ga maciji, da ya hau tudun yashi. Ka ciro shi, kuma ba ka gaishe shi ba, don ka ce ceto daban, gaisuwa daban. Kai ne, shekarun da baƙi suka ɗauke ƙafa, jirage suka yi ta tsatsa a gaɓar Luksor, kake hawo jirgin ƙasa daga ƙauye ka zo ka tayar da inji don kada ya mutu, da buhun gurasar da Hajja ta toya wa masu gadi. Kada mai sanin kwanan ruwa, wanda bai taɓa cin ɗan kowa ba.

Bara ne abin ya fara. Wata safiya kwalekwale ya ɓullo ta hagunsa bai gan shi ba, sai da Abu Mina ya taɓa masa hannu. Ba abin da ya faru, ba wanda ya lura, kuma Abu Mina ba mai kai ƙara ba ne. Rayyis da ƙafarsa ya je wajen likita, da bakinsa kuma ya kai wa masu jirgi labari. Likita ya ce ba yana ba ce da za a kankare, jijiyar idon ce ke mutuwa daga gefe, gani zai yi ta tsukewa kamar mai leƙe ta bakin tulu. Aka sa ranar saukarsa, aka ce Abu Mina zai gaje shi.

A nan aka samu matsala. Abu Mina ba yaro ba ne, gemunsa ya fi nawa furfura, ya fi shekara ashirin yana tsaye a bayan Rayyis. Amma ko sau ɗaya ba a taɓa barinsa shi kaɗai da jirgin ba. Matuƙan kogin nan kuwa bakinsu ya fi na mata a gidan biki, har sun fara raɗa cewa wanda maigidansa bai yarda ya bar masa sitiyari ya je ko bayan gida ba, yaya za a ba shi rayukan mutane. Maganar ta kai kunnen masu jirgi. Saboda haka a tafiyarsa ta ƙarshe muka ƙulla: a garin Idfu za mu sauke Rayyis mu kai shi gidan bauta, idonsa ya ga abin da ya sha kai wa mutane tun da sauran gani, kogi kuma ya ga ya juya wa jirgi baya ya bar shi a hannun Abu Mina.

Mu ne na uku daga gaɓa ranar. Abu Mina ya je ya roƙi matuƙin jirgin ciki, shi kuma ya yi masa alkawarin ba zai motsa ba sai azahar. Duk da haka sai da muka yi kamar za mu ɗauki Rayyis a ka. Ya ce takalminsa ba na ƙasa ba ne. Ya ce iska ta canza. Ya koma sama sau biyu, wai ya manta carbi, alhali yana hannunsa.

"Ka tafi, Rayyis," in ji Abu Mina. "Idan na nutsar da shi zan aiko maka da labari."

"Kai da ko akuya ba ka iya ɗaurewa ba?"

"A wajenka na koya."

A keken doki baya ya juya wa hanya, fuskarsa na kallon kogi, ƙafarsa na ta kaɗawa. Ya riƙa ce wa mai dokin ya rage gudu akwai kwana, har mutumin ya juyo ya tambaye ni ko Baba sabon zuwa duniya ne. Muka shiga gidan bautar ta babbar ƙofa, tsakanin ginshiƙan da suka sa manyan mutane yin shiru. Na ɗaga lema, na gyara murya, na fara karatun da nake yi ko cikin barci. Shi kuwa kunnensa na gabas, wajen kogi.

Ban kai ga sarki na biyu ba muka ji jiniya, doguwa, daga bakin kogi. Jirgin ciki ne. An kira shi layi a Isna, alkawari ya bi ruwa. Sai ta biyu ta amsa, sannan ta uku, wadda ko a kabari Rayyis zai gane. Nawwara za ta kwance, iska na kaɗawa, shi kuma yana tsakiyar duwatsu.

Ya juya ya nufi ƙofa, jallabiya na shara ƙasa. Na bar baƙina na bi shi da lema a buɗe, abin kunya ga mutum mai tumbi irin nawa. Na cim masa ya riga ya ciro waya, babban yatsa a kan sunan Abu Mina. Na dai ce masa duk matuƙan da ke gaɓa yanzu ɗakin tuƙin Nawwara suke kallo, kuma za su ga ko mutumin yana riƙe da sitiyari ko yana riƙe da waya a kunne.

"Yi mini shiru, aku," ya ce.

Na rufe lema. Ya tsaya, kai a sunkuye. Ashe ba shawara yake yi ba, sauraro yake. Can sai ga ta, siririya, da ƙyar ta tsallako rufin gidajen garin: tut.

Sannan ya mai da wayar aljihu, ya share ido da bakin rawani, ya ce ƙurar wurin nan ta yi yawa, ba a shara ne?

Muka koma ciki. Da yake ganinsa ya tsuke, bai iya ɗaukar bango gaba ɗaya, sai ya matsa kusa yana bi kaɗan-kaɗan, hanci kamar zai taɓa dutse. Sarakuna da gumakan da nake taƙama da su bai ko tsaya musu ba. A ƙasan bango ya ci karo da jiragen da aka sassaƙa, da masu tuƙi da igiyoyinsu. Nan ya durƙusa. Ya bi igiya da yatsa a iska, ya gyaɗa kai, har ya kai kan wani ɗan mutum a ƙarshen jirgi.

"Ustaz," ya ce, karo na farko a rayuwarsa, "wannan na baya, mai riƙe da jirgin, yaya sunansa?"

Na ce ban sani ba, ba a taɓa tambayata ba.

Ya yi 'yar dariya. "To, ashe tun can haka aikin yake."

Da muka dawo Nawwara na nan a ɗaure, ta biyu daga gaɓa, ko ƙwarzane babu. Matuƙin jirgin da ke gefe ya leƙo ya tambaye shi ina ya shiga ana ta aiki. Rayyis ya ɗaga murya yadda na gaba ma zai ji, ya ce yawon buɗe ido ya je, ai jirgin da matuƙinsa. Ya zunguri igiya da ƙafa, ya ce wa Abu Mina ɗaurin bai yi kyau ba, amma bai kwance ba. Ya hau sama, ya zauna a kan bencin nan a bayan Abu Mina, aka kawo shayi. Da idona na gani, ya shanye shi tas.

Yanzu yana ƙauye. Kada ku ɗauka ya natsu. Hajja Nafisa ta ce ya hana kowa sakat, ya sake ɗaure duk dabbobin gidan, kuma kullum yana bakin kogi yana kai da kawowa, yana yi wa jiragen mutane faɗa daga nesa. Idan Nawwara ta zo wucewa, Rayyis Jirjis kan rage gudu ya yi masa 'yar gajeriyar nan. Ba ya hango jirgin sosai yanzu, amma yana ɗaga hannu daidai inda yake.

Mun gode, Rayyis Hajjaj. Mun gode da dubban da ka kai ka dawo da su ba su san da kai ba, da masuntan da suka koma gida da yamma, da kuma wayar da ka mayar aljihu, wadda na san ta fi jawo jirgi daga yashi wuya. Allah ya bar maka sauran hasken, ya ba Hajja haƙuri. Ku matuƙa masu tasowa, ku rage gudu idan kun hango ƙaramin kwalekwale, kuma idan lokaci ya yi ku bar wa na bayanku sitiyari tun ana ganinku. Ku kuma masu hawa, idan aku mai lema ya gama zuba muku sunayen matattu, ku hau matakala ku ƙwanƙwasa ƙofar sama, ku tambayi mai rai sunansa.