Sarƙar da surukina ya ɗaura

Kantata, motar ɗaukar kaya, ita ce kaɗai abin da na mallaka, da ita nake ci da gidana. Wata damina na ɗauko buhunan gero daga Shinkafi, kafin in kai Katuru motar ta kafe a laka har gindin ƙofa.

Na kira taimako, motoci biyu suka zo: tarakta ta wani abokina, da tifar surukina, mahaifin matata, tsohon direba da ba a yi masa gyara. Aka shirya tarakta ta ja tifa, tifa ta ja ni. Wannan ƙarfin motoci biyu ne a kan sarƙa ɗaya, kuma duk wanda ya taɓa jan mota ya san inda ake maƙala ta: a ƙugiyar da ke jikin shasi, ƙarfen da ke ɗauke da gangar mota. Ƙugiyata ta nutse cikin laka, sai an tona. Surukina bai ga dalilin ɓata lokaci ba. Ya tsuguna, ya naɗa sarƙar a ƙarfen da ke riƙe da tayoyin gaba.

Ina tsaye ina kallo. Na san ƙarfen nan ba zai ɗauka ba, na sani sarai. Amma mutumin da ko sunansa ba na faɗi, wanda nake cire takalmi in gaishe shi, ta yaya zan ce masa ya yi kuskure a gaban jama'a? Abokina ya kalle ni daga kan tarakta, na sunkuyar da kai.

Suka taka mai tare. Aka ji ƙara, tayoyin gaba suka fito suka bi tifa, motar ta kifa hanci cikin laka, shasi ya murɗe. Gero ya kwana biyu a ruwa. Makanikai a Kaura suka duba suka ce sai dai a sayar da ita ƙarfe.

Yau motar wani nake tuƙawa, kuma haushin bai sake ni ba. Kaina nake jin haushi fiye da kowa.

Bayan sati na je gaishe shi, na tsuguna kamar kullum. Ya jajanta mini, ya ce ƙaddara ce. Sannan ya gyara zama ya ce, “Amma kai ma, ɗana, motarka ta. In ka ga ba nan ya kamata a ɗamre sarƙa ba, mi ya hana ka magana?”

Na ce, “Haka ne, Baba.”