Filin Ƙwallon Ƙauyenmu da Yafiyar Madina

Filin ƙwallon ƙauyenmu gonar babana ce. Da wannan nake fara ba kowa labarin, don yanzu har akwai masu cewa wai tun asali filin gwamnati ne. Muna yara, da an kwashe amfani sai mu tuge kututturen dawa, mu kafa sanduna nan da can, mu yi ta dukan ƙwallon tsumma har magariba. Da samari suka yi yawa, sai suka ɗauko mai gari suka zo roƙo. Baba ya bar musu gonar rani da damina, da sharaɗi ɗaya a gaban dattawa, ni ma ina tsaye a wurin: ƙwallo kawai. Ranar da aka daina buga ta, gona ta dawo gida.

Ina Madina, ina lodin jakunkunan alhazai a filin jirgi, aka kafa kwamitin gina sitadiyam. Ciyaman ɗin wani ɗan kwangila ne, ya girme ni, ga daɗin baki. Mu 'yan ƙauyen da ke aiki a nan aka maida mu saniyar tatsa. Duk ƙarshen wata sai saƙon murya: za a zagaye da katanga, za a shuka ciyawa, za a sa fitilu. Muka yi ta turawa. Ƙaramar hukuma ta ce ita ma ta bayar, kwamiti ya rantse bai ga ko sisi ba. Wani ɗan siyasa ya aza harsashi, zaɓe ya zagayo ya sake aza wani a gefen na farko.

Me aka gina? Ƙofa. Wata ƙatuwar ƙofa mai koren fenti, tsaye ita kaɗai ba katanga, awaki na wucewa ta gefenta. Sai matakalar zama da ta tsage a daminar farko. Daga nan tifofi suka fara kwasar yashi, wai na aikin ne, har tsakiyar fili ta zama kududdufi. Ta bakin titi kuwa shaguna suka tsiro, kuma kowa ya san mai karɓar hayarsu. Tir!

Baba ya tsufa, amma bai ruɗe ba. Ya ce tunda ƙwallo ta mutu, a ba shi abarsa. Mai gari ya yi ta kwana-kwana, sai Baba ya ce to, gaban alƙali zai je. Ni kaɗai yake jira in zo hutu, don dattawan da suka ji sharaɗin duk sun riga mu gidan gaskiya. Ni ne shaidar da ta rage.

Ana haka ciyaman ya zo umara. Al'adarmu a nan, duk ɗan ƙauyenmu da ya sauka sai mun kira shi ɗakinmu na unguwar Ranuna, kusa da masallacin Ƙuba, mun dafa masa. Na ce wallahi ba da ni ba. Babbanmu, wani direba da ya daɗe a ƙasar nan, ya ce, "Haba, baƙon Manzo ne fa. Halas, shi ke nan, bar maganar." Muka dafa kabsa, shinkafar nan ta Larabawa da nama. Ya zo bayan la'asar da wani abokin tafiyarsa, sai ƙamshi yake, ya naɗe hannun riga ya ci har yana lashe yatsu. Ni kuwa ina gefe, zuciyata na tafasa, ina jera maganar da zan gasa masa.

Na yi gyaran murya ke nan, sai mutumin nan ya fashe da kuka.

"'Yan'uwana," ya ce, "yanzu na fito daga ziyara, jikina duk ya yi sanyi. Duniyar nan ba komai ba ce. Abin da na yi muku, da saninsa da rashin sani, don darajar Manzo, mai garin nan, ku yafe mini."

Bai ce fili ba. Bai ce yashi ba, balle gona. Amma wa zai ce a'a a nan? Ɗaya bayan ɗaya suka ce sun yafe, wasu har da share hawaye. Ya juyo gare ni ya kama hannuna. "Kai fa, ƙanena?"

 Babbanmu ya zuba mini ido. Bakina ya faɗi abin da aka saba faɗa: "Na yafe. Allah ya yafe mana baki ɗaya." Na ga abokin tafiyar nan riƙe da waya, ban kawo komai ba, don a Madina kowa ɗauka yake.

Kafin mu gama wanke tire, bidiyon ya isa zauren ƙauyenmu na waya, an rubuta a ƙasansa cewa mutanen Madina sun yafe maganar fili. Ga fuskata raɗau, ga hannuna cikin nasa. Ashe har hawayen ma na kwangila ne. 

Washegari da hantsi Baba ya kira, ina tsakiyar lodi.

"Na gani," ya ce.

"Baba, wallahi ba gonar nake nufi ba. Bai ma ambace ta ba."

"To me kake nufi? Akwai wani abu tsakaninku bayan ita?"

Bai jira amsata ba.

"Ka yafe wa mutum a garin Manzon Allah," ya ce, "ni wane ne da zan ja shi gaban alƙali, kuma in ce kai ne shaidata? A bar maganar."

Na roƙe shi, na sa ƙannena suka roƙe shi, ya ƙi. A daminar nan gonar aro ya noma, can bayan ƙauye. Kullum da safe ta gaban koriyar ƙofar yake wucewa da fartanyarsa a kafaɗa.