Zakeyo Mai Fasa Fuskar Matarsa

Zakeyo Mbewe bai zo gonar nan don sassaƙa ba, aikin taba ya kawo shi. Da ƙafa ya tako daga Malawi yana saurayi, ya tsufa yana hura wutar rumbun gasa ganye, har hayaƙi ya mai da idanunsa kamar jan gauta. A nan ya auri Esinati, a nan ya binne ta, ƙarƙashin itatuwan da ke bayan bukkokin ma'aikata. Ba su sami haihuwa ba. Duk Lahadi yakan ɗauki tsintsiya ya share mata kabari, ya zauna ya kai mata ƙarar duk wanda ya ɓata masa rai a makon, kuma sunan maƙwabcinsa Gwaze ne ke fara fitowa.

Ana nan sai Turawan Rodeshiya suka ƙi sakin mulki, duniya ta toshe musu kasuwa, taba ta ruɓe a sito. Mai gonar, wanda muke kira Jan Gwiwa saboda guntun wandonsa, ya tara mu ya nuna tsaunin baƙin dutse da ke bayan gona. Ya ce daga yau ga tabarku nan. Wanda aka ɗauki sassaƙarsa zuwa babban birni Salisbury ya zauna, wanda aka ƙi tasa ya naɗe tabarmarsa. Kowa kuwa ya sani, in ka fita daga gonar Bature ba ka sake taka ta, ko da uwarka ce kwance a ciki.

Mai zuwa zaɓen wani siririn Bature ne daga gidan nunin kayan fasaha, kullum da lofe a baki. Shi aljanu yake nema. Ya ba mu labari wai a Faransa wasu masu zane sun ga fuskokin dodannin kakanninmu, suka shiga haɗa wa mace ido biyu a kunci guda, duniya ta yi ta tafa musu. Shi ne aka biyo mu har gida ana koya mana yadda za mu yi kama da kakanninmu. Gwaze, wanda ko muciya bai taɓa feƙewa ba, ya sari dutse ya fito da wani abu mai baki a cibiya, ya ce marigayiya kakarsa ce ta zo masa a mafarki. Aka ɗauka. Kakar tana nan da ranta a garinsu Sipolilo tana dafa giya.

Zakeyo kuwa, duk dutsen da ya taɓa Esinati ce ke fitowa. Ya nufi mujiya, ta zo da goshin Esinati. Ya nufi goggon biri, ya zo da wushiryarta. Mai lofe ya duba ya taɓe baki, ya ce wannan ai hoton mutum ne, irin wanda ake tallarsa a bakin otal, ina aljanin? Da abin ya yi yawa, Jan Gwiwa ya aiko a gaya wa Zakeyo zuwan mai lofe na gaba shi ne na ƙarshe, akwai mai jiran bukkarsa.

Gwaze ya leƙo ta kan darni ya same shi yana kan wata fuskar.

"Ɗan Malawi, karkace mata hancin mana. Ai ko tana raye ba wani miƙaƙƙe ba ne."

"Gwaze, ka ƙyale ni."

"To ƙara mata ido. Da ma da uku take ganinka in ka dawo daga mashaya."

Zakeyo ya ajiye guduma. "Na gwada. Na ɗora kurfin sassaƙa a kan hancin, hannun ya ƙi. In aka kore ni wa zai share mata? Kai?"

Gwaze ya janye kansa, don ko ƙofar ɗakinsa ba ya sharewa.

Aikin dutsen nan yana da ƙa'ida. In an gama sara, a goge shi da samfefa cikin ruwa har ya yi sulɓi, a shanya shi ya sha rana sosai, sannan a matso da shi gefen wuta kaɗan-kaɗan ana juyawa. In ya ɗau zafi a shafa masa man goge daɓe, ya tashi baƙi wuluk yana ƙyalli. Dutsen da ba a shafa ba, mai lofe ko kallonsa ba ya yi. Zakeyo ya san wuta fiye da kowa a gonar. Amma damina ce, rana ta ɓuya, dutsensa na zufa a ƙarƙashin buhu. Ga shi motar mai lofe ta yi sammako ba a zata ba, don mayaƙan daji masu yaƙar Turawa sun fara dasa nakiya a hanya, direba na so ya koma da sauran haske.

Da ya ji gurnanin injin a gindin tsauni, sai ya zuba itace, ya rungumi fuskar nan ya tura ta tsakiyar wuta.

"Kai, gasa ta za ka yi?" in ji Gwaze. "Jawo ta, da ruwa a cikinta."

"Kaɗan ya rage. Ta ɗan ɗau zafi kawai."

Ƙarar ta yi kama da ta bindiga. Dutsen ya dare daga goshi, ya bi ta cikin wushiryar har haɓa, ɓari guda ya zame ƙasa. Zakeyo ya zura hannu tsirara ya fiddo su. Ya durƙusa cikin taɓo yana haɗa ɓarin da ɓarin, suna zamewa, yana sake haɗawa, fatar tafinsa na mannewa a jikin dutsen, yana kiran sunanta a hankali kamar mai tashin maras lafiya.

A haka mai lofe ya same shi. Ya cire lofen daga baki, abin da ba mu taɓa gani ba. Ya zagaya, ya tsuguna, ya tambayi sunan wannan aljanar. Zakeyo na ta haɗa ɓarin.

"Aljanar makabarta ce, ranka ya daɗe," in ji Gwaze. "Ita ke hana shi barci."

Bature ya ce kada a liƙe, a ɗaure ta a jikin katako yadda take, ido ɗaya sama ɗaya ƙasa. Ya ce kuma duk zuwansa yana son irinta.

Zakeyo ya zauna a bukkarsa. Duk zuwan mai lofe sai ya ɓata wata guda yana fito da Esinati, goshi, wushirya, har ɗan tabon kunne, ya tsoma ta a ruwa, ya tura ta wuta, ya juya baya ya toshe kunnuwa. Gwaze ya laƙaba masa Mai Fasa Matarsa, muka ɗauka, har ya zamana yana amsawa. An ce akwai fuskokinta a ƙasashen da ko sunansu ba mu iya faɗa ba. Ranar Lahadi bai fasa ɗaukar tsintsiya ba, sai dai ya daina zama. Ya share, kansa a ƙasa, ya juyo da sauri, bai ƙara kai mata ƙarar kowa ba.