Ƙanƙarar da Muka Kai Mambila

Ni mutumin kwarin Rima ne. A Argungu aka binne cibiyata, a Birnin Kebbi na yi aiki har na ajiye shi na koma gida, kuma tun tasowata ban san wata aba wai ita tafiyar hutu ba. Mutum yakan bar garinsu don fatauci, ko neman ilimi, ko zumunci, ko sauke farali. Wanda ya gaji kuwa, inuwar zaurensa ta ishe shi. Sai ga shi Allah ya ja kwanana har na riski zamanin da magidanci da hankalinsa zai kwashi iyali ya ratsa ƙasa daga yamma zuwa gabas, ba ta'aziyya ba, ba ɗaurin aure ba, sai don a je a dubi dutse.

Babban ɗana ne ya zo da zancen. Ma'aikacin gwamnati ne, yana zaune a unguwar Gesse ta Birnin Kebbi, cikin gidajen nan masu kama da juna kamar ƙwan zabi, inda baƙo kan yi sallama a ƙofar da ba ita ya nufa ba. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya iske ni a zaure, ya zauna a bakin tabarma, ya ce idan yara suka sami dogon hutu yana so ya kai mu tsaunin Mambila, ni da mahaifiyarsa da matarsa da 'ya'yansa.

Na ce, "Dogon hutun yara ai tsakiyar damina na. Sadda bazara ke gasa mu awa kihi bisa waya ba ka tuna da sanyi ba, sai yanzu da Allah ya sauko muna da nashi kyauta?"

Ya ce, "Baba, sai lokacin ake ba su hutu."

"Shinkafar da ke fadama fa, ita ma an ba ta hutun?"

Ya sunkuyar da kai yana murmushi, irin murmushin da 'yan boko ke yi wa tsoho idan sun riga sun gama shawara.

Da ta ni ce, da a nan maganar ta mutu. Amma uwargidana ta ji labari. A shekarar da ta gabata ta yi jinyar ƙirji mai tsanani wadda ta bar ta da tari, ga gwiwoyi da suka fara ƙin ɗaukarta. Wata maƙwabciyarmu da ta taɓa zama can ta gaya mata cewa a Mambila hadari yana saukowa ƙasa ya yi tafiya tsakanin shanu. Ta same ni bayan la'asar ta ce, "Malam, ni dai ina son in ga wurin da hadari ka tahiya ƙasa, tun ƙafafun ga ba su ƙi ni ba baki ɗaya." Duk tsawon zamanmu ba ta taɓa roƙona tafiya ba. Na ce to.

Saura batun masauki, kuma a nan ne na san cewa na haifi ɗa, amma waya ce ta yi renonsa. Akwai wani mutumin Gulma, garin nan da ke kusa da Argungu, abokin karatuna na allo, wanda tun muna samari ya bi fataucin albasa da busasshen kifi har garin Gembu, can bisa tsaunin, ya yi gida ya yi iyali. Na ce a aika masa. A wurinmu mutanen Kebbi, Bakabe ba ya sauka hannun baƙi a garin da ɗan'uwansa Bakabe ke da zaure. Yin haka zagi ne, ko da ba a buɗe baki ba. Mai masauki kuma ba ɗaki kawai yake ba ka ba. Shi ne idonka a garin da ba ka sani ba, shi ya san ruwan da ake sha da hanyar da ba a bi.

Ɗana ya ce, "Baba, kada mu ɗora wa mutane nauyi. Na riga na samo wuri."

Nauyi! Kalmar da aka ƙirƙiro don mutum ya yanke zumunci kuma ya ɗauka ladabi ya yi. Ya miƙo mini waya, ya riƙa share fuskarta da yatsa. Wani gidan saukar baƙi ne a bayan gari, a kan ƙololuwar wani tudu, jikinsa duk gilashi, daɓensa fari fat. Ya ce ya yi magana da mai kula da wurin, ya yi masa tambaya biyu: ko ruwa na kaiwa wurin, ko kuma iska na shiga ɗakunan. An tabbatar masa ruwa bai taɓa kaiwa ba, iska kuwa har ta yi yawa. Ya faɗi haka yana jiran in yaba masa.

Na san inda ya samo tambayoyin. Duk wanda ya tashi a bakin Rima ya san idan kogi ya cika ya tumbatsa, mai gida a kwari shi ke kwashe tabarmi a ka, mai gida a tudu shi ke ba shi mafaka. Kuma duk wanda ya sha bazarar Kebbi, ɗaki mai iska shi ne aljannarsa ta duniya. Tambayoyi ne na gaskiya, amma na garinmu ne. Shi ya ɗauke su ya kai ƙasar da bai taɓa takawa ba, kamar mai ɗaukar homar kamun kifi zuwa farautar zomo.

Na ce, "Ina masallaci yake daga nan? In mun tashi da sahe, wa za mu gaisar? Kuma daga inda mota ka tsayawa zuwa ƙohwar ɗaki, ka tambayi yadda uwarka za ta kai?"

Ya ce, "Baba, ai hoton ya nuna komai."

Na dai gaya masa a fili cewa zan aika wa mutumin Gulma cewa muna tafe, na kuma sa aka ɗaure mini tsarabarsa: shinkafa 'yar fadamarmu da kifin Rima busasshe. Ranar tafiya sai da aka yi gardama kafin a sama wa buhuna wuri a motar, domin an cika ta da kayan yaƙi da zafi. Ga mafitai, ga fanka mai caji, ga gidajen sauro, ga riguna shara-shara, ga kuma manyan kuloli biyu shaƙe da ƙanƙara don kada ruwan sha ya yi ɗumi. Ƙanƙarar ta narke a hanya, aka sake sayen wata a Jalingo. Bargo kuwa, in ban da mayafin uwargidana, babu ko ɗaya.

Ba zan tsawaita labarin hanya ba. Doguwa ce, kuma ƙarshenta hawa ne mai murɗewa kamar igiyar guga, dutse a dama, rami a hagu. Uwargida ta riƙe tasbaha tana ta ja. Da muka kai sama sai ga ƙasa shimfiɗe koriya shar, shanu ko'ina, ruwa na zuba siriri, sanyi na shiga ƙashi.

Motarmu ta kasa hawan tudun masaukin, don jar ƙasar wurin ta jiƙe ta zama sabulu. Daga inda ta tsaya sai matakala da aka sassaƙa a jikin tudun, wadda mai hoton bai ga dalilin ɗauka ba. Tsohuwar nan ta hau ta, hannu ɗaya a kafaɗata, ɗaya a ta surukarta, tana tsayawa tana mai da numfashi. Ɗakin kuwa kamar yadda aka yi alkawari: taga gabas, taga yamma, iska na shiga ta wannan ta fita ta waccan tana kuka. Daɓen ya fi ƙanƙarar da muka ɗauko sanyi. Fanka na rataye a sama, tana kallonmu muna kallonta. Ruwan famfo in ka yi alwala da shi sai yatsunka su manta da kai. Kiran salla kuwa daga can ƙasa cikin gari yake tasowa, iska ta kawo rabi ta tafi da rabi.

Da gari ya waye, tarin bara ya dawo, mai fitowa daga can ƙasan ƙirji, gwiwoyinta kuma sun kumbura har a zaune ta yi salla. Na san wannan tarin. Shi ya kwantar da ita wancan karon, alhali muna kusa da likitanta. A nan kuwa ko dai a raba ta da ɗakin nan, ko a juya da ita gida a kwance, ba ta ga abin da ya kawo ta ba.

Ɗana ya shigo gaisuwa yana rawar ɗari cikin rigar shan iska. Ya durƙusa ya ce, "Inna, an tashi lahiya? Ya baƙunta?"

Ta kau da fuska gefe ta ce, "Lahiya lau."

Shi ne ɗanta na fari. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa kai masa kuka ba, kuma ko wuta ce ke cin zanenta ba a gabansa za ta ce wayyo ba. Wannan kunya ce da kowane ɗan fari a ƙasarmu ya tashi a cikinta, ya kuma san cewa "lahiya lau" ɗin uwarsa ba a ɗaukarta a yadda ta zo, sai an dubi idonta, an saurari numfashinta. Shi kuwa ya juyo gare ni fuska a sake ya ce, "Baba, ka ji ko?" Mutum ya iya karanta duk abin da ke cikin waya, ya kasa karanta kalma biyu daga bakin wadda ta haife shi.

Ina shirin neman mutumin Gulma sai na ji sallamarsa a waje, da muryar nan tasa ta masu kiran jirgi daga tsallaken kogi. Ya tsufa, ya yi ƙiba, yana cikin wata ƙatuwar rigar sanyi da takalman roba har gwiwa.

Ya ce, "Tun jiya direbobi ke dariya a tasha, wai wasu mutane sun hau Mambila da ƙanƙara cikin damina. Ni ce, kada ku ƙara, waɗanga namu na!"

Na ce, "Kai dai har yau bakinka bai tsuhwa ba."

"Bakina lahiya tai. Malam, mi ni yi maka? Ka aiko kana tahe, in sa a share ɗaki, a yanka kaji, sannan in ji ka kwana gidan haya awa wanda ba shi da kowa?"

Na nuna masa ɗana da haɓa. Ɗana ya ce, "Baba, ba mu so mu takura muku ne."

"Takura? Tambayi ubanka tuwon gidanmu nawa ya ci a Gulma. In takura ce, shi ya fara."

Sai tarin ya taso daga cikin ɗaki. Mutumin Gulma ya saurara har ya lafa, wasa ya bar fuskarsa. Bai nemi shawarar kowa ba. Ya sauka ya zo da motarsa ta ɗaukar albasa, ya zagayo da ita ta wani burtalin shanu har bayan ɗakin, tare da matarsa da barguna. Matan suka naɗe uwargida suka sa ta gaba, ni da buhun tsarabata muka hau baya.

Gidansa a cikin gari yake, a wani lungun kwari, tudu ya kare shi ta gefe, dogayen itatuwa ta ɗaya gefen. A Argungu da na ga mai gini a irin wurin nan da na ce yana neman kogi ya kwana a gadonsa. Ni ma ban san cewa a can ruwa gangarawa yake ya wuce, iska ce abin gudu ba. Amma ba a bukatar baƙo ya sani. Abin da ake bukata gare shi shi ne ya san wanda zai sauka wurinsa. Ɗakin da aka ba ta gajere ne, tagarsa kamar tafin hannu, bangonsa ɗaya da na madafa, ga kaskon garwashi a gefe. Matar gidan ta gasa mata gwiwoyi da ruwan zafi, ta shafa mata man shanu, ta dama mata kunu mai citta da kanumfari. Masallaci kuwa taku kaɗan ne daga zaure.

Ɗana bai sauko ba. Ya ce ya riga ya kama wuri, ba zai bar shi ba. Kullum dai da hantsi sai ga shi da iyalinsa sun gangaro cin tuwo, leɓuna a bushe, daga baya ma yaran suka ƙi komawa sama, suka bar shi da matarsa da gilashinsu.

Tarin ya yi ta raguwa har ya koma ɗan gyaran murya. Wata safiya bayan ruwa ya ɗauke, matar gidan ta fito da uwargida bayan gida ta zaunar da ita a kujera 'yar tsugune, ta aiko a kira ni. Muna duban tudun da ke gabanmu sai ga hadari fari ya sauko daga sama a hankali, ya bi gangaren, ya shiga tsakanin shanun da ke kiwo, wata saniya ta ɓace, wata ta fito, makiyayin ya rage daga kafaɗa zuwa sama. Ta daɗe tana kallo, bakinta na motsi da tasbihi. Sannan ta ce, "Ashe da gaske na, Malam."

Can ƙololuwar tudun, inda gidan gilashin yake, babu abin da ake gani sai fari. Wanda ya zaɓi wuri mafi tsawo don ya fi kowa kallo yana tsakiyar hadarin, ko tafin hannunsa ba ya gani.

Ta ce, "Wancan yana ciki?"

Na ce, "Yana ciki. Shi ya zaɓa."

Ta kira matar gidan ta ce a ɗauko kula ɗaya cikin na ƙanƙarar nan, a zubar da ruwan, a ɗauraye, a cika ta da kunu mai zafi, a haɗa da bargo a kai sama. Ba ta ce a kai wa wane ba, kuma babu wanda ya tambaya.

An ce ya shanye kunun tas. Har yau kuma idan abokansa suka taru a Gesse, hoton tagogin nan yake nuna musu.