Shayi Mai Ƙanƙara a Jidda

Muna idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da kawuna, daga unguwarmu Mansur a Makka zuwa Hindawiyya inda motocin Jidda suke lodi. Kawu mai shayi ne, duk unguwa an san teburinsa. Idonsa na hagu ya daɗe da mutuwa, na daman kuma yanar ido ta rufe shi har ya fara zuba shayi a gefen kofi. Likitan Jidda ya ce zai cire yanar, amma bai ɓoye mana ba: ko a dace, ko ɗan hasken da ya rage ma ya tafi.

Motar tsohuwa ce ƙirar Amurka, an cusa mu kamar kaya a buhu. Direban hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya yana neman tasha a rediyo. Kwaltar siririya ce, baƙaƙen duwatsu hagu da dama, raƙuma suna tsallakawa yadda suka ga dama. A Bahara muka yada zango, muka ci ful, dafaffen waken Larabawa, da gurasa mai zafi a kan gadajen igiya. Kawu ya kurɓi shayinsu sau ɗaya ya ce kuɗin ya fi ganyen yawa.

Zafin Jidda mai danƙo ne, ga ƙarnin kifi. Mai masaukinmu ɗan'uwanmu ne haifaffen can, Hausarsa rabi Larabci. Da yake aikin idon sai washegari, bayan magariba ya ce, "Yalla, mu je hoshi mu ga silima." Hoshi tsakar gidan wani ne da aka rataya farin ƙyalle a bango, abin da ba mu da shi a Makka. Na buɗe baki zan ƙi, Kawu ya riga ni.

"Mu je. Idon nan bai taɓa gani ba, kuma wa ya san gobe?"

Muka zaunar da shi a gaba, dab da ƙyallen. Fim ɗin na wani Bature ne ɗan leƙen asiri, an rubuta fassarar Larabci a ƙasa. Gaskiya ya yi kyau, musamman faɗan da aka yi a kan jirgin ƙasa, wanda ya sa har mai sayar da gyaɗa ya bar ciniki. Aibinsa dai ƙarya: mutum ya daki ƙarti, ya faɗa kogi, ya fito kwat ɗinsa ko lanƙwasa babu. Faifan ma ya tsinke ana tsakiyar gudu, aka yi ta ihu.

Sai dai kuma mutumin nan ba ya zama sai da kwalba. Ya tsiyaya wani abu ruwan zuma a kofin gilashi, ya jefa ƙanƙara. Ni mai karanta Larabci na ga an rubuta wiski ɓaro-ɓaro, gabana ya faɗi. Dattijon da sahun farko ba ya wuce shi a Harami, na kawo shi kallon mashayi, watakila kuma shi ke nan abin da zai gani na ƙarshe a duniya. Ina cikin wannan Kawu ya ɗaga murya.

"Wannan wane irin shayi ne? Ba na'ana'a, ba sukari, ga ƙanƙara! Shi ya sa yake neman faɗa."

Mutane suka fashe da dariya, ni kuwa na yi ajiyar zuciya. Na roƙi mai masaukinmu kada ya gyara masa. Har muka kwanta Kawu yana kushe shayin Turawa.

Aka yi aiki. Kwanaki yana kwance da bandeji, ba motsi, ni ina gefensa ina jin tsoron da ban taɓa ji ba. Ranar da aka kwance, ya daɗe yana ƙifce-ƙifce, sannan ya ce mini na rame. Kuka na yi a gaban likita, ban ji kunya ba.

A hanyar dawowa, da sabon tabarau mai kauri a hancinsa, ya yi ta nuna mini awaki da alluna kamar yaro. Mun fara hango duwatsun Makka sai ya matso kusa da kunnena.

"Ɗan nan, wancan ɗan banzan fa wiski yake sha. Kafin in zo hajji aikin kuku na yi a gidan Turawan kuza a Jos, ni nake fasa musu ƙanƙarar."

Na ce, "Kawu! To me ya sa ka ce shayi ne?"

"Na ji numfashinka ya canza. Ka kawo ni ne don in ji daɗi, na ce ba zan bar ka ka kwana da kunya ba."

Mun iso Mansur kafin la'asar, maƙwabta suka cika ƙofa ana barka. Abin da na koya a tafiyar nan bai da yawa. Na yi kwanaki ina taƙama ni nake rufa wa tsoho asiri, ashe tun daga gaban farin ƙyallen nan, da rabin ido, shi yake lura da ni.