Ranar da Injin Baban Tsuwwa Ya Yi Shiru

Maƙwabcinmu Baban Tsuwwa bai taɓa ƙera abin da zai ɗaga ya ce ga shi ba. Aikinsa a masana'antar roba shi ne ya ɗora ɗan guntun tagulla mai zare a ciki, kamar noti, a bakin ramin murfin fanka, ya danna maɓalli. Hancin inji ya sauko yana wata karkarwa da ido ba ya gani, robar ta ɗan narke, tagulla ta nutse ta zauna daram, nan sukuru zai shiga daga baya. Shi ke nan. Tun yana da gashi yake wannan.

In injin ya taɓa tagulla sai ya yi tsuwwa siririya mai kashe haƙori. Kowa na toshe kunne, ban da shi. Wai shi da kunne yake aiki: in tsuwwa ta yanke tsaf, tagulla ta zauna, in ta ja wutsiya, ta karkace. Abin toshe kunnen da aka ba shi, jikarsa ce ke yi wa 'yar tsanarta matashi da shi.

Rannan ya sami foman, fuska ba wasa.

"Yallaɓai, injina ya mutu. Yana saukowa, amma ba ya kuka."

Aka kira bakanike. Ya kwance, ya leƙa, ya mayar, ya danna. Duk na kusa suka yamutsa fuska suka dafe kunne. Baban Tsuwwa na tsaye, hannu a baya.

"Kun ji ko? Shiru kake ji."

Foman ya matso har bakin kunnensa. "Baba, injin lafiyarsa lau. In aka fara samun karkatattu, sai dai mu mayar da kai ɗaurin kwali."

Wannan kam ya ji ta. Ɗaurin kwali a nan ake ajiye tsofaffi kafin a ce su je gida su huta, ko kujera babu.

Da ya dawo ya faɗa wa maman yara. Tana kan keken ɗinki, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Ashe kunne ne. Ni duk shekarun nan na ɗauka raini ne."

"Ruwa? A'a, na sha."

Ya zauna gefenta ya yi tagumi, gwiwarsa jingine da ƙafar keken. Can ya ce, "Allurarki na tsalle." Ta duba, haka ne. Ta kalle shi, shi kuma ya kalli gwiwarsa kamar yau aka haɗa su.

Washegari ya ja kujera ya manna gwiwa da ƙafar teburin inji, ya zauna a karkace kamar mai maruru. Karkarwa ta yanke tsaf, ya wuce. Ta ja wutsiya, ya ware. Foman ya yi ta zagaye yana tona kwandon murafan da ya gama yana neman karkatattu, har ya gaji ya daina zuwa.

Yanzu har abin toshe kunne yake sawa. Ya ƙwato shi daga hannun jikarsa, wai doka doka ce. A gida kuma maman yara ta daina ɓata murya, ƙafar kujerarsa take shura in an gama abinci.

Gaisuwar bakaniken ce dai har yau Baban Tsuwwa ba ya amsawa. Ya ce yaron bai iya gyara ba.