Shagon da Ya Rage

"Wai har da ita za a tasa?"

"Har da ita mana. Gini ne fa za a rushe. Ka taɓa ganin an rushe gini an bar shago ɗaya a tsaye?"

"To ai ƙanenta ne dillalin."

"Shi ya sa ma abin zai zo da sauƙi. Mutumin da ya fitar da mai kemis yana dariya?"

"Yana dariya ko yana kuka?"

"Oho. Ya dai fita."

"Kai, rage murya. Ga motarsa can."

Dillalin yana cikin motar, gilashi a sauke, babu abin da bai ji ba. Bai juyo ba. Ya jingina kai da kujera, wayoyinsa biyu suna ta rawa a cinyarsa, kowace da mai nemanta. Ga ginin nan a gabansa, hawa biyu, fenti duk ya ɓare, ƙofofi a garƙame tun daga wannan kusurwa har waccan. Ƙofa ɗaya ce a buɗe, ta ƙarƙashin matakala, inda yayarsa take sayar da zare da maɓalli da allura.

Sai Haƙuri ake ce masa a harkar. 'Yan haya ne suka raɗa masa, domin duk wanda ya gan shi ya shigo da takarda a hannu ya san abin da zai fara fitowa daga bakinsa. Sunan ya bi shi har ofisoshin lauyoyi. Mutum ɗaya ce ba ta taɓa kiransa haka ba. Ita Auta take ce masa, duk da furfurar da ta cinye masa gemu.

A bakin shagon nata ya fara, lokacin ba shi da komai sai baki da ƙafa. Ta ba shi benci, ta bar shi ya kafa ɗan allo a jikin ƙofarta. Cinikinsa na farko wani mai aski ne da ya samar wa ɗaki a bayan layi. Daga nan sai shaguna, sai sito, sai gareji, har ya kai ga ofisoshi masu lif da mai gadi. Babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa. A hanya ya gane cewa ranar ruwa ake duba gini, a ga inda yake yoyo. Ya gane cewa shagon da ke gefen inuwa da yamma ya fi na gefen rana daraja ko da girmansu ɗaya, saboda ta nan mutane suke bi in sun taso aiki. Ya gane cewa mai gini ba ya tuna yana da ɗan'uwan da ba a shawarta ba sai ranar sa hannu. Sau nawa ya haɗa mai saye da mai sayarwa, suka gaisa a gabansa, suka karɓi lambar juna a bayan idonsa, sai dai daga baya ya wuce ya ga an canza fenti?

Yanzu bayansa ba ya son doguwar tsayuwa. In zai hau bene sai ya tsaya a tsakiya, ya yi kamar yana duba tsagewar bango. Gine-ginen da ya sayar ba zai iya tuna yawansu ba, amma ko bulo ɗaya babu mai sunansa. Gidan da yake kwana ma na haya ne, kuma wani dillalin ne ya samar masa.

Da mai wannan ginin ya rasu, magada suka shiga ja-in-ja. Shi ya yi ta bin su gida gida, ya lallashi wannan, ya saurari kukan wancan, har bakinsu ya zo ɗaya. Sannan ya kawo musu mai saye, wata injiniya da kamfaninta ke son rushe tsohon ta gina sabo.

"Baba, wannan karon ba la'ada za mu ba ka ba," in ji Injiniya, ranar da suka zauna a ofishinta. "Kaso za ka samu a sabon ginin. Ba mai yawa ba ne, amma sunanka zai shiga takarda. Sharaɗi ɗaya ne, ka miƙo mana wurin babu kowa a ciki."

Ya ce babu damuwa tun kafin ta rufe baki. Sai da ya fitar da mai kemis, da mai gyaran waya, da masu ofisoshin sama, sannan ya koma mata yana murza hula.

"Ranki ya daɗe, akwai wani ɗan lungu a ƙarƙashin matakala."

"Matakalar ce ma za a fara cirewa, Baba."

"To a sabon ginin fa? Ko ɗan taga ne."

"Ƙasan gaba ɗaya banki ya riga ya kama." Ta cire tabarau ta murza ido. "Na san yayarka ce. Amma ni ma akwai waɗanda suke zaune a kaina, kullum sai sun kira."

Abin da Injiniya ba ta sani ba, yanar ido ta rufe idanun Yaya da daɗewa. Haske take gani da duhu, sai inuwar mutum in ya tsaya a ƙofa. Da hannu take ciniki. Tela zai shigo ya ce ruwan toka mai duhu, ta miƙa hannu baya ba tare da ta waiga ba ta ɗauko. Ba bisa launi ta jera zaren ba, shekaru ne suka jera shi. Fari da baƙi suna daidai hannun damanta, na kayan makaranta a saitin kafaɗa, waɗanda ba a cika nema ba can sama, ja kuma a tsakanin kore da ruwan ƙasa, don wani dalili da ita kanta ta manta.

Ya fito daga motar, ya tsallaka titi, ya hau dakalin da ƙyar.

"Auta, ka gama zaman motar?"

"Yaya, ta ina kika gan ni?"

"Ganin me? Motar taka tana tari tun daga kwana. Zauna, kada ka tare min haske."

Ya zauna a bencin. Ya tambayi ƙafarta, ya tambayi jikoki, ya tambayi kasuwa. Ta amsa duka tana naɗe wani ƙyalle a yatsa.

"To, fara," ta ce. "Ko in fara maka? 'Sai haƙuri, ba ni ba ne, ni ɗan aike ne.' Sai ka yi shiru kaɗan, ka ɗaga kai ka kalli rufi. 'Ginin nan ma ai ya tsufa, wata rana zai iya faɗo wa mutum.' Sai ka matso da kujera ka rage murya. 'Wallahi na samo maka wurin da ya fi nan.' A kaina ka koyi abin nan fa, a kan bencin nan, kana tambayata ko muryarka ta yi taushi."

"Na samo miki wurin kuwa," ya ce.

Ta yi dariya har ta sarƙe, sai da ya miƙa mata ruwa.

"A bayan layin nan ne, Yaya. Telolinki ba za su ɓata ba. Gefen inuwa ne ma."

"Ni da ba na ganin ranar, me zan yi da inuwa?" Ta ajiye kofin. "Ba bangon nake ji ba, Auta. Hannuna ne ya haddace wurin nan. In ka kai ni inda hannuna bai sani ba, to makauniya ka kai, ba mai shago ba. Daga nan sai gida, a ajiye ni a falo, yara suna zagaye ni kamar tsohuwar kujera."



"In kin ce a'a, sai in fasa."

"Ka fasa, wani ya zo? Wanda ba zai zauna a mota yana jin nauyina ba? Gara kai ɗin." Ta juyo da fuska wajen muryarsa. "Kuma ka gaji. Ina jin yadda kake hawa dakalin nan, kamar mai ɗauke da buhun siminti. Ka samu abin da za ka jingina da shi. Amma da sharaɗi, tunda ku da sharaɗi kuke magana. Zaren nan kai za ka kwashe da hannunka. Kowane layi da kwalinsa, yadda yake, ka mayar yadda yake. Ban yarda kowa ya taɓa ba."

Ya yi mata alkawari, kuma da gaske yake. Ya zo da tef ya auna shagon kamar wanda zai sayar wa banki, tsawo da faɗi, daga ƙasa zuwa kanta, daga kanta zuwa kujerarta. Ya tsaya a kan kafinta har sai da ya buga kantocin sabon shagon daidai da na tsohon, ya sa aka cire wata aka sake bugawa saboda ta ɗara da kaurin yatsa. Kafintan ya ce shi bai taɓa ganin an yi wa shagon zare awon asibiti ba.

Ranar tashi, 'yar Yaya ta zo da safe ta tafi da ita gida don kada ƙura ta dame ta. Ya ɗauko 'yan dako da mota, suka fara fitar da tebur da akwatunan maɓalli. Ya jera kwalaye a ƙasa, ya naɗe hannun riga, ya ɗora hannu a layin farko ke nan sai waya ta yi ƙara. Lauya ne.

"Kana ina? Babban magajin ya ce ya fasa."

"Ya fasa me kuma?"

"Wai wani ya ce masa an yi musu wayo. Ga su nan duk a ofis suna hayaniya, Injiniya ta ɗauki jakarta. In ba kai ba, babu wanda zai saurara."

Ya dubi kantar, ya dubi wayar. Ya kira shugaban 'yan dakon.

"Ku kai komai. Amma zaren nan, kada wanda ya taɓa shi sai na dawo. Yanzu zan dawo."

"An gama, Oga."

Ba yanzu ya dawo ba. Magajin ya yi fushi, ya huce, ya sake hawa. Aka kira wani kawunsu a waya, aka jira shi ya iso, shi ma da ya iso sai da aka faro masa daga farko. Sai Haƙuri ya yi maganar da ya saba yi har maƙogwaronsa ya bushe. Rana ta karkata kafin kowa ya ɗauki biro. A ƙarshe Lauya ya turo masa tasa takardar, ya nuna masa inda zai sa hannu. Ga sunansa nan a buge, cikakke, a layi ɗaya da na masu gini. Ya sa hannu. Ya jira ya ji wani abu a ƙirjinsa, bai ji komai ba sai bayansa da ke sara.

Da ya koma tsohon shagon, ƙofa a buɗe, kantoci wayam, kwalayen da ya jera suna nan babu komai a ciki. Ya zagaya bayan layi da sauri, iya saurin da ƙafarsa ta yarda.

Shugaban 'yan dakon yana bakin sabon shagon yana share gumi, fuskarsa cike da fara'a.

"Oga, mun ga ka daɗe, ga wani aikin yana jiranmu. Sai muka zuba a buhu muka kawo. Amma duba, ba mu bar wa Mama a hargitse ba. Yadda ta jera can ai babu tsari."

Ya leƙa. Sun jera zaren tsaf, kowane launi da danginsa, daga mai haske zuwa mai duhu, shuɗi ya gangara cikin kore, kore ya gangara cikin rawaya. Bai taɓa ganin kantar da ta kai ta kyau ba. 

Yaya tana zaune a kujerarta, 'yar tata ta dawo da ita. Tana ta shafa gefen kanta da tafin hannu.

"Auta ne? Kafintanka ya iya aiki. Kamar ban tashi ba."

Kafin ya buɗe baki wani tela ya shigo, tef a wuya, tsohon abokin cinikinta.

"Yaya, an sha sabon wuri! Allah ya sanya alheri. Ba ni baƙi guda biyu, ina sauri."

Ta miƙa hannun dama baya, ba ta waiga ba, ta ɗauko biyu ta ajiye a tebur. Telan ya dube su, ya dubi Sai Haƙuri.

"Yaya, wannan ai ruwan hoda ne."

Ta janye hannunta a hankali ta ɗora a cinya. Telan ya zagaya da kansa, ya nemo baƙin can ƙarshen layin ƙasa, ya biya, ya fita ba tare da tsokanar da ya saba ba. Shugaban 'yan dakon ma ya sulale.

"An kira ni ne, Yaya. Magajin ne ya..."

"Ka sa hannun?"

"Na sa."

"To, madalla."

 Mota ta wuce a waje, wani yana jan ƙofar shagonsa. Wayarsa ta fara rawa a aljihu, ta yi shiru, ɗayar ta ɗauka. Yaya ta gyara zama, ta shimfiɗa mayafinta a cinya, ta kama bakinsa da hannu biyu.

"Jawo bencin nan kusa, Auta. Sauko min da layin farko duka, ka riƙa miƙo min ɗaya ɗaya kana faɗin launinsa, ni zan sa kowane inda yake. Kuma don Allah kashe wayoyin nan tukuna."